Daga Gurbin Dara zuwa Kaset Ruwan Ɗorawa

Rumfar tana nan inda na san ta, a gefen hanyar da ke shiga kasuwar Barmu, sai dai abin da ke cikinta ya sake. An kwashe zanar da ke kewaye da ita an buga kwano, an ɗora faifan sola a kan rufi. Teburin da a da yake ɗauke da tele, yau salula ce jere a kansa, kowace da igiyar cajinta da 'yar takarda mai lamba da aka manna mata a baya. Saurayin da ke tsaron wurin ko haihuwarsa ba a yi ba lokacin da muke kiran nan gidan wasa. Na tambaye shi ko ya san an taɓa yin layi a ƙofar nan don buga Mario. Ya yi murmushin ladabi ya ce, "Baba, ai wasa yanzu cikin aljihu yake." Gaskiya ya faɗa. A inuwar bangon da ke fuskantarsa wasu yara na zaune kafaɗa da kafaɗa, kowa ya duƙufa a kan tasa wayar, babu mai ce wa wani uffan.

Wanda ya fara kafa rumfar ɗan ci-rani ne. Adar, yankinmu, ƙasar matafiya ce tun kaka da kakanni. Da an yanke gero an ɗaure an kai rumbu, sai majiya ƙarfi su kama hanyar Abijan ko Legas ko Kamaru ko Libiya, gari ya rage daga tsofaffi sai mata sai yara. Daga tsarabar da suke dawowa da ita gab da damina muke gane inda duniya ta sa gaba: rediyo mai cin kaset biyu, agogo mai haske da dare, keke, katifar soso. Shi kuwa wannan bawan Allah, ba da jimawa ba bayan karyewar darajar sefa ta watan Janairun 1994, lokacin da kowa ke neman abin da zai ƙara a kan noma, sai ya dawo da 'yar tele baƙi da fari, da wani akwatin roba mara nauyi, da manet biyu masu igiya, da bindigar roba, da 'yan kaset ruwan ɗorawa. Unguwarmu ba ta da kuran, wato wutar lantarki. Batirin mota ya jona wa kayan, in ya yi sanyi a ɗora shi a motar kasuwa a kai Tawa caji.

Dala 5 ake biya, ka yi ta bugawa har rayukanka su ƙare. Kuɗi ne mai yawa ga yaro a lokacin, don haka mai riƙe da manet ɗaya ne, amma masu wasan sun fi a ƙirga. Muna cushe a bayansa, gwiwa a bayan gwiwa, warin zufa da ƙura da ɗan ƙaurin ruwan batir sun gauraye da ƙamshin ƙosan da ake toyawa a maƙwabta. "Yi tsalle!" "Koma baya, akwai naman kaza cikin bulon nan!" In ya faɗa rami duk rumfar ta ɗauki salati. Wani lokaci mutum uku ke haɗa dala 5, kowa ya ɗauki rai ɗaya, kuma wanda ya zubar da nasa da wuri sai ya sha gori har gida. A jikin kaset an rubuta wasanni 9999, amma mun gano da wuri cewa 'yan kaɗan ne ake ta maimaitawa da sauya mafari: Mario, da tankoki, da sojoji biyu masu harbi, da agwagin da ake harba da bindigar roba.

Abu biyu sun zauna mini a ido har yau. Na farko shi ne yadda batir ke mutuwa. Hoton sai ya fara tsukewa daga sama da ƙasa, baƙi na cin gefensa, Mario ya gajarce ya zama ɗan dunƙule, sautin ya riƙa jan ƙafa, har mai tele ya ce, "Ku tashi, ɗiyana, sai an maido batir." Na biyu kuwa hura kaset ne. Da hunturu ƙura ba ta barin ko'ina. Sai a kunna, maimakon hoto wasu tarkacen zane su cika fuskar tele. Mai tele ya zare kaset, ya juya bakinsa sama, ya hura da ƙarfi, ya goge haƙoran tagullar nan da gefen rigarsa, ya mayar ya danna da tafin hannu. Mu kuma mun yi tsit, ido ƙur. In hoto ya fito garau sai ihu, har masu awo a kasuwa su waiwayo.

Kakana, Allah ya jiƙansa, gwanin dara ne. Dara ba ta neman komai daga mutum sai ƙasa da natsuwa. A tona gurbi 30, layi 5 kowane da gurbi 6. Kowa da 'ya'yansa 12: ɗaya ya kakkarya tsinken kara, ɗaya ya tsinto tsakuwa, abin da Adar ba ta taɓa rasawa ba, ko busasshen kashin raƙumi. A fara da shuka su ɗaya bayan ɗaya, ba a yarda ka jera uku tun a wannan mataki ba. In an gama sai a shiga turawa, gurbi ɗaya gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera uku ya ci ɗa ɗaya na abokin karawarsa, amma jerin huɗu ba ya ci. Dokar ke nan, yaro ma zai haddace ta kafin shayi ya tafasa, sai dai mutum na iya tsufa bai gama sanin zurfinta ba. Kakana yakan yi shiru yana kallon ƙasa har ka zaci barci ya ɗauke shi, sannan ya miƙa yatsa biyu ya gusa tsinke ɗaya, masu kallo su ce, "Shi ke nan, an gama da kai," alhali sauran motsi da yawa kafin cin ya bayyana.

Abin da ya fi burge ni a dara shi ne abin da ake yi kafin a fara ta. In baƙo ya zo daga Kalfu ko Tabalak ya tsuguna, sai an tsaya an daidaita: a garinku ana cin ɗan da ke cikin jerin uku, ko ana barinsa? In mutum ya ga ci bai ɗauka ba, mene ne hukuncinsa? Za a yi gardama, a kira wani dattijo ya raba, a tsayar da magana, sannan a shuka ɗa na farko. Dokar wasan a hannun masu wasan take, a fili, a kan ƙasa, kowa na ganinta.

Sau ɗaya na ga kakana ya tsaya a bakin rumfar mai tele. Ya dogara sandarsa ya daɗe yana kallo. Bai yi faɗa ba, bai ce haramun ba ne, kamar yadda wasu suka riƙa cewa. Tambaya ya yi: "Wa yay yi abin ga?" Mai tele ya rusuna ya ce, "Baba, can waje aka yi shi." Tsoho ya kaɗa kai ya ce, "To in dokar ba ta yi muku ba, wa za ku kai ma ƙara?" Ba wanda ya amsa. Ya ja sandarsa ya wuce majalisarsu.

Kafin tele ta zo mu ma maƙera ne. Bayan girbi kara na ko'ina. Mukan ɓare bayansa mu fitar da siraran tsinke, mu yanka totuwar gunduwa-gunduwa, mu soka wannan cikin wancan har mota ta tashi da ƙofofinta da wurin zaman direba. Ƙafafun daga sakaina ko tsohon silifa, fitilun daga murfin kwalba. Wanda ya samu waya da gwangwanin sardin shi ne attajiri, don tasa motar har sitiyari take da shi mai tsawo da zai riƙe yana tafe. Kowane yaro ya san cikin abin wasansa, domin shi ya haɗa shi, kuma in ya karye ya san inda zai kama.

Amma kar a ɗauka duk alheri ne ke cikin wancan zamani. Dara wasan maza ce, kuma rabin abin da ya sa take da lokaci shi ne rashin aikin rani. Wanda ya wuni a bakin gurbi sau da yawa matarsa ce ta wuni a bakin rijiya, kuma rijiyoyin Adar masu zurfi ne. 'Yan mata suna da carafkensu da gaɗarsu ta dandali, sai dai bayan daka da ɗiban ruwa da talla. A rumfar mai tele ma ban taɓa ganin yarinya ta riƙe manet ba. Iyakarta ta leƙa ta ramin zana da farantin talla a kai, a kore ta. Wasanninmu na fili kuwa, langa da kokowa da tsere, na masu ƙarfi ne. Akwai wani abokinmu da shan inna ta taɓa wa ƙafa. Duk wasan da za a yi, shi ne mai tsaron riguna. Ranar da aka miƙa masa manet, a ranar muka san wane ne shi. Yatsunsa sun fi na kowa sauri, kansa ya fi na kowa riƙe hanya, shi ya fara kai Mario gidan ƙarshe a garinmu, aka ɗauke shi a kafaɗa aka zaga da shi bakin kasuwa. Duk wanda zai zagi wasan tele a gabana, sai ya fara gaya mini wane wasan gargajiya ne ya taɓa ɗora wannan yaro a kafaɗa.

Tambayar kakana ta daɗe tana bina, kuma amsarta ba mutum ɗaya ba ne. Mario ɗan Japan ne, Shigeru Miyamoto na kamfanin Nintendo ya zana shi, wasan da muka sani ya fito a 1985. Akwatin namu kwaikwayo ne na na'urar Famicom ta 1983, irin wanda masana'antun Taiwan da Sin suka riƙa bugawa da araha yana bin 'yan kasuwa har ƙauyukanmu. Amma shi kaset ɗin kansa, wato dabarar raba wasa da akwati ta yadda za ka zare wannan ka soka wancan, hannun wani baƙar fatar Amurka na cikinta dumu-dumu. Sunansa Gerald Lawson, an fi saninsa da Jerry.

An haife shi ranar 1 ga Disamba 1940 a birnin New York. Ubansa ɗan dako ne a tashar jiragen ruwa, mai son karance-karancen kimiyya. Uwarsa ma'aikaciyar hukumar birni ce, wadda ta tsaya tsayin daka sai ɗanta ya shiga makaranta mai kyau. Yana ɗan shekara 13 ya samu lasisin rediyon masu sha'awa, ya haɗa tasharsa a ɗakinsa da tarkacen da ya saya da kuɗin da ya tara. Da ya zama saurayi sai ya shiga gyaran talabijin gida-gida. Ya taɓa karatu a kwalejoji biyu na birnin, bai kammala digiri a ko ɗaya ba. A 1970 ya kama aiki da kamfanin Fairchild a jihar Kalifoniya, masu ƙera ƙwaƙwalwar lantarki. Da rana yana yi musu aiki, da dare yana garejin gidansa yana haɗa wani wasan karon motoci mai suna Demolition Derby, irin wanda ake jefa wa kwabo, da ƙwaƙwalwar F8 ta kamfanin. Da labari ya kai kunnen manyansa, maimakon abin ya zame masa laifi, sai ya zama sanadin ɗora shi a kan sashen wasannin bidiyo.

Sai an san yadda abin yake kafin nan za a gane girman aikin. Wasan Pong na kamfanin Atari, wanda Nolan Bushnell da Ted Dabney suka kafa a 1972, da ire-irensa na gida, duk a gine wasan yake cikin na'urar. In ka gaji da shi sai dai ka sayi wata. Wasu injiniyoyi biyu na wani ƙaramin kamfani mai suna Alpex, Wallace Kirschner da Lawrence Haskel, su suka fara gwada sa wasa cikin 'yar ƙwaƙwalwar da ake cirewa. Amma abin da ya yi aiki a teburin injiniya daban yake da abin da zai jure hannun yaro. Aikin Lawson da mutanensa, cikinsu har da Ron Smith da Nick Talesfore, shi ne su mai da wannan gwaji kayan kasuwa. Ba wanda ya taɓa ba jama'a ƙwaƙwalwar lantarki su soka su zare sau dubbai. Haƙoran za su cinye? Ɗan tartsatsin nan da ke fita daga jikin mutum, irin wanda muke gani in mun yaye bargo da daren hunturu, ya isa ya ƙona ta. Yaya za a kare ta daga yatsun mai ita? Sai da suka warware waɗannan ɗaya bayan ɗaya, suka rufe ƙwaƙwalwar cikin gidan roba mai 'yar ƙofa. A watan Nuwamban 1976 na'urar ta fito, wadda aka sani da Channel F, a kan kusan dalar Amurka 170. Kaset ɗinta ruwan ɗorawa ne. Har da maɓallin tsayar da wasa, in an kira ka ka je ka dawo ka ci gaba.

Wanda ya share gona ba lallai shi ne zai ci amfaninta ba. A 1977 Atari ta fito da tata na'urar mai kaset, da wasanni masu jan hankali da kuɗin talla, ta danne kasuwa. A 1979 Fairchild ta sayar da harkar ta fita. Lawson bai zauna ba. A 1980 ya kafa kamfaninsa na kansa, Videosoft, wanda ake lissafawa a matsayin na farko mallakar baƙar fata a sana'ar ƙirƙirar wasannin bidiyo, yana yi wa na'urar Atari kaset. Sai dai ya buɗe shago gab da rushewar kasuwa. An cika kantuna da wasanni marasa kyau, jama'a suka juya baya, cinikin da ya haura dalar Amurka biliyan 3 ya faɗo zuwa wajen miliyan 100 a 1985. Ita kanta Atari a 1983 ta kwashi kaset tirela-tirela ta binne a juji a garin Alamogordo. Videosoft ya rufe bayan kimanin shekara 5. Kaset ɗinsa da aka fi sani ya isa hannun jama'a ma ba wasa ba ne, na daidaita launin talabijin ne, kayan aikin masu gyara. Sana'ar ƙuruciyarsa ce ta biyo shi har cikin kamfaninsa.

Daga nan sunansa ya nutse. Mutumin da ya zauna ƙungiyar masu sha'awar kwamfuta ta Homebrew tare da Steve Jobs da Steve Wozniak tun ba su zama kowa ba, sai ga shi ana rubuta tarihin sana'ar ba a ambatonsa. Ciwon suga ya ci masa ƙafa ɗaya da ganin ido ɗaya. Sai a watan Maris na 2011 ƙungiyar masu ƙirƙirar wasanni ta duniya ta karrama shi, ya rasu ranar 9 ga Afrilu na wannan shekara yana da shekara 70. Ranar 1 ga Disamba 2022 Google ta sa hotonsa a shafinta na farko, a nan ne da yawa suka fara jin sunansa.

Launin fatarsa na sa ni jin daɗi, ba zan ɓoye ba, amma ba shi ne ya fi tsaya mini a rai ba. Abin da ya tsaya mini shi ne cewa mai gyaran talabijin ne. Yaro ne da aka bari ya kwance abu ya ga cikinsa, ba a buge masa hannu ba. Kuma abin da ya ƙera ya buɗe wa ƙananan mutane ƙofa: tunda wasa ya rabu da akwati, mutum ba ya bukatar masana'anta kafin ya ƙirƙiri wasa, shi ya sa tun 1979 aka samu kamfani irin Activision da ba ya yin komai sai kaset. Can ƙarshen wannan igiya kuma ga ɗan ci-ranin Barmu, wanda akwati ɗaya da 'yan kaset suka zame masa jari har ya yi aure ya sayi amalanke.

Abin da ya biyo baya ya zo da sauri. Sega ta shigo da 'yan dambenta, sannan PlayStation da faifanta, gidajen wasa na Tawa suka koma tele mai launi da gurup yana ruri a waje, samari na buga ƙwallo da sunan Eto'o da Drogba. Salula ta shigo Nijar da ƙarfinta daga 2001, da wasan macijin nan na Nokia da Taneli Armanto ɗan Finlan ya tsara a 1997, wanda har dattawa suka riƙa bugawa a ɓoye. Da wayoyin shafa suka yi araha sai layi ya watse daga ƙofar rumfa. Ba hukuma ce ta rufe ta ba, ba malamai ba ne. Masu biyan dala 5 ne suka daina zuwa.

Ribar da aka samu ba ƙarama ba ce. Yarinyar da ake kora daga ramin zana, yau 'yarta na kwance a ɗakin uwarta tana buga Ludo a waya, ba mai ce mata tashi. Yaro a Barmu na shiga wasa ɗaya da wansa da ke Abijan, suna harbi suna hira, kuma a ƙasar da rabin shekara maza ba sa gida wannan zumunci ne na gaske. Na ga yaran da suka koyi karanta Faransanci da Turanci daga umarnin wasa fiye da abin da suka kwaso a aji mai cunkoso.

Asarar kuwa ba a ganinta da sauri. Tsohon wasa ma tarko ne, kar mu manta: an tsara shi ya kashe ka don ka sake biya, kuma yara da yawa sun sha bulala a kan canjin cefane. Amma tarkon yana da iyaka. Batir na mutuwa, aljihu na ƙarewa, kuma da an kira magariba mai tele zai zare igiya ko kana bakin gidan ƙarshe. Wasan waya ba shi da magariba. An ce kyauta ne, sai dai yana cin mega, yana tura maka talla, yana sayar maka da riga da bindiga na cikin hoto da kuɗi na gaske, kuma daga shi zuwa shafukan cacar ƙwallo taki ɗaya ne. Masu tsara shi sun auna lokacin da za ka gaji, sun ajiye maka 'yar kyauta daidai wurin. Sannan ga kaɗaici a cikin taro. A rumfa in ka ci, garinku ne ya gani. In ka yi zagi, akwai babba a bayanka. Yanzu uba na zaune kusa da ɗansa bai san da wa yake magana ba.

Abin da ya fi damuna shi ne cikin wasan ya ƙara yi mana nisa. Dara duk a fili take. Motar kara mu muka haɗa ta. Kaset aƙalla muna hura shi, muna ganin haƙoransa, mai tele na kwance manet ya liƙa wayar da ta tsinke da ƙarfen da ya ɗora a garwashi. Wasan yau yana zaune a wata kwamfuta a wata ƙasa, ana sauya dokarsa cikin dare ba tare da an tambayi kowa ba. Tambayar tsohon nan ta fi ƙarfi yau fiye da ranar da ya yi ta.

Sai dai a nan ma dole in yi adalci, domin wannan zamanin da ya nisanta mu da cikin wasa shi ne kuma ya fara sa kayan ƙera shi kusa da hannunmu. Lawson sai da ya shiga kamfanin ƙwaƙwalwar lantarki; yau tsohuwar kwamfuta da intanet sun isa a fara. Wesley Kirinya ya fitar da Adventures of Nyangi a Kenya a 2007, sannan shi da Eyram Tawia na Gana suka kafa kamfanin Leti a 2009. Hugo Obi ya kafa Maliyo a Legas a 2012. A Kamaru, Olivier Madiba da Kiro'o Games suka fitar da Aurion a 2016. Mu ma a Nijar ba a bar mu a baya ba: Mahaman Sani Housseyni Issa, da ƙaramin kamfaninsa MOGMedia Design a Yamai, ya fitar da Les Héros du Sahel, wanda aka yi ta ambato a matsayin wasan bidiyo na farko ɗan ƙasa. Jaruminsa Shamsu daga rana yake samun ƙarfinsa. Duk wanda ya taɓa tafiya a ƙasa tsakanin Barmu da Tawa a watan Afrilu ya san wannan tunani ba daga waje aka aro shi ba.

Hanyar ba mai sauƙi ba ce. Mutanenmu ba su saba sayen wasa ba, kuma ko sun so, hanyar biya a shagunan intanet ba ta dace da aljihun da ba shi da katin banki ba. Wuta na ɗaukewa, mega na da tsada. Amma babban shingen a gida yake. Ka ce wa uba ɗansa zai zama tela ko makanike, zai sa albarka. Ka ce zai ƙera wasa, zai ce, "Wasa sana'a ce?" Ni kuwa nakan tuna musu da kokowa. Ita ma wasan samari ce ta bayan girbi, har aka shirya gasar ƙasa ta farko a nan Tawa a 1975, Kantu na Maraɗi ya ɗauka. Yau gasar takobin kokowa na tsayar da ƙasa cak, tana ciyar da makaɗa da maroƙa da 'yan jarida da masu abinci, kuma ba uban da ke jin kunyar a ce ɗansa sarkin kokowa ne.

Hannun kuwa muna da shi. A zaga kasuwar Tawa ranar Lahadi a ga samarin da ke gyaran salula: gilashin ƙara gani a ido, ƙarfen liƙi a hannu, suna ɗaga abin da bai kai ƙwayar gero ba daga wannan allo su dasa a wancan, mafi yawansu ba su wuce firamare ba. Ga jami'a a garin tun 2010, wadda yanzu ke ɗauke da sunan masanin tarihin Adar, Djibo Hamani. Tsakanin teburin mai gyara da ajin jami'a tafiyar kabu-kabu ce, amma har yanzu kowa na harkarsa. Kuma in an tashi sa dararmu a waya, wanda ya taɓa tsugunawa a bakin gurbi ne kaɗai zai san cewa kafin a shuka ɗa na farko dole wayar ta tambayi mutum biyun nan: dokar wane gari za ku bi?

Ɗan wana yana cikin masu gyaran nan. Ya nuna mini wani abu da ya haɗa a wayarsa da wata manhajar koyo: akuya ce ke tsallake rijiyoyi, in ta faɗa sai ta yi kuka da muryarsa da ya ɗauka da kansa. Bai taka kara ya karya ba, amma yana tafiya, kuma ƙannensa na rububinsa. Burinsa tsohuwar kwamfuta daga Tawa. Ubansa kuwa ya riga ya ware masa kuɗin motar Abijan in an gama girbi, kamar yadda aka yi masa shi ma. Na same shi bayan isha'i na ce, "Yaya, kuɗin motar nan da guzurinsa sun kusa kuɗin na'urar. A ba shi rani ɗaya a gida. In bai yi komai ba, Abijan ba ta gudu." Ya daɗe yana jan casbi. Ya ce gidan nan da kuɗin ci-rani aka rufa shi, ba da akuyar cikin waya ba, kuma ban iya musa masa wannan ba. Bai ce e ba, bai ce a'a ba. Ya ce a bari a ga abin da damina za ta yi.